Ga Makulli, Miko

Miko, karɓi makullin nan.
Shekara bakwai kana riƙe mini ƙarfe ina ɗinkewa,
yau rumfa taka ce, can bakin hanyar Ɗan Isa,
kusa da mai shayin da ke bin ka jika biyu.
Biya shi tukuna, sannan ka rataya allo.

Ba ni da injin da zan ƙara maka.
Magana ce kawai gare ni, ita ma ta yi tsatsa,
amma in ka goge ta za ta yi aiki.

Ka riga rana isa rumfa.
Wutar garin nan ba ta san alkawari ba,
ta zo da asuba, ta tafi da hantsi ba sallama.
Wanda ta tarar yana barci
sai ya wuni yana zagin turken waya,
alhali laifin na tabarmarsa ne.

Kuɗin kafin alƙalami ba naka ba ne,
na ƙofar da ba a haifa ba ne tukuna.
Na ci irinsa sau ɗaya,
shekarar da Gulbi ya cika har ya kwanta a gonaki.
Alhaji Nomau ya ba ni na taga shida,
na sayi rediyo da shadda, na yi sallah kamar ango.
Wata uku ina bin lungunan Bagalam
don kada in gifta ƙofar gidansa.
Bai kai ni ƙara ba, bai ko ɗaga murya ba.
Ya dai gina gidaje huɗu bayan nan,
ko ƙusa ban sake buga masa ba.

In ka ce Laraba, to Laraba.
In ba za ta yiwu ba, faɗa tun Lahadi,
da bakinka, kada ka aiki yaro.

Wurin da fenti zai rufe,
nan za ka fi kyautata ƙuna.
Mai ƙofa ba ya gani,
amma damina za ta zo ta duba,
ita kuwa ba ta karɓar haƙuri.

Ƴan fada za su zo da butarsu,
su ce inuwarka ta fi ta kowa sanyi.
Kada ka kore su, kada kuma ka zauna.
Gaisa a tsaye, tabarau a goshi.
Ita ma wannan ta aljihunka mai ƙyalli,
yadda tsatsa ke cin ƙarfe haka take cin yini,
ba ka jin ƙara, sai ka ga rami.

Za ka ga Ilu ya hau sabon babur cikin wata shida,
ka ji zuciyarka tana tsalle kamar tartsatsi.
Bar ta ta huce.
Ba ka san abin da ya jinginar ba,
kuma kowace ƙofa da faɗin bangonta.

Cikin kowace jika cire dala ashirin,
ka ɓoye wa ranar da inji zai kwanta ciwo.
Zai kwanta. Kuma ranar da aiki ya fi yawa yake zaɓa.

Ranar da ka ji ka gama iyawa,
ka ji tsoron ranar.
Ni da furfurata na tsuguna gaban sa'an ɗana
ya koya mini ƙofa mai zamiya.
An yi dariya a layi, har mai faci ya tafa.
Ƙofar nan ce ta biya mini haya shekara uku.

Sa tabarau, Miko, ko ɗigo ɗaya za ka yi.
Idona na hagu ya tafi ne
a kan "bari in ɗan taɓa."

To, tashi.
Gobe ba zan leƙo ba, jibi ma haka,
kada ka riƙa waiwaye kana neman fuskata.
Mai duba aikinka yanzu yana cikin rigarka,
kuma ya fi ni sanin inda ka yi ha'inci.
Ni dai zan kasa kunne daga nan.
In na ji gudumarka kafin mai ƙosai ta ɗora kasko,
zan sha kununa da kwanciyar rai.

Af, ka dawo mini da filayata.
Tun bara take wurinka.