Kaka a Zango

Kafin ladan ya gyara murya
na zagaye duwatsun Birni sau biyu,
takalmin guduna ya fara buɗe baki.

Barira na asibiti tun daren jiya,
haihuwa uku, ta ce, ɗaya tagwaye.
Ni ke rataya wa Maniru jakar lakwal,
yana ta shinshinar sabon littafinsa.

Asabar Mirya, yankan gero,
ƙaiƙayi har cikin kunne.
Lahadi kokawa, yaron bisa wuyana
yana yi wa wanda aka kayar tafi.
Auren ƙanwarta jibi,
ɗinki bai bar hannun tela ba.

Ɗazu muka haɗu a gindin randa,
ni da ita.
Ta miƙo min moɗa, ta ce:
"Baƙo, daga wane gari?"