Gadon da Mai Shi

Mun bar Marwa da hantsi, mu uku,
a kan babura biyu masu ƙafa huɗu
da Ilu ya tayar daga gawa a garejinsa.
Ni a bayansa da tanti da tukunya,
Sajo da galan ɗin zuwa-zuwa
ɗaure tamau kamar akuyar kasuwa.

Kwalta ta raka mu bakin gari,
ta ce iyakarta ke nan, ta juya.
Daga burji sai sawun shanu,
daga sawun shanu sai sawun Allah.
Haƙorin Mindif na can gaba a tsaye,
ka nufe shi ya ja baya,
ka tsaya, ya tsaya yana kallonka.

Wayar Sajo ta ce a bi dama.
Muka bi dama, muka afka karal,
baƙar laka mai riƙo irin na mai bin bashi.
Ilu ya murɗa, inji ya yi kururuwa,
taɓo ya shige mini har dasashi.
Muka saro rassan bagaruwa muka shimfiɗa,
muka sa kafaɗa, muka yi salati.
Babur ya fita.
Takalmina na hagu yana can har yau,
ya zama ɗan gari.

La'asar sakaliya muka gangara mayo.
Yashi fari tas, laushin garin tuwo,
ba ƙaya, ba cinnaka, ba tsakuwa.
Muka kafa tanti a tsakiyar tsakiya,
Sajo ya hura gawayi,
butar shayi ta fara gunaguni.

Can gefe wata dattijuwa na tonon ruwa,
rabin jikinta a rami, ƙwarya a hannu.
Inna Dudu, in ji yaron da ke riƙe mata tulu.
Ta dubi tantinmu, ta dubi yamma,
inda walƙiya ke wasa a kan duwatsu
ba tare da ko tari ba.
Ta yi Fillanci, Sajo ya juya mana:
"Gadon nan da mai shi.
Unguwa ya tafi, yau yake dawowa."

Ilu ya nuna sama, ko ƙyallen gajimare babu.
Ta zuba ruwa a tulu ba ta ɗago ba:
"Wanda zai ci ka
ba a kanka yake zuba ba."

Da tsaki muka kwashe, da mita,
muka haura gaɓa gindin tsamiya,
inda kowane dutse ya san haƙarƙarina.
Sauro ya yi mana sannu da zuwa.

Tsakar dare na ji tirela,
tirela ba fitila, ba direba.
Ilu ya haska tocila.
Ruwa ne, ja wur, yana tafe da kayansa:
kututture, dangar wani, buhu, rabin rumbu,
ya bi ta kan tokar murhunmu
ko sallama bai yi ba.
Butar da muka manta
ta ɗaga mana hanci sau ɗaya, ta nutse.

Babu wanda ya ce uffan.
Na ji haƙoran Sajo suna tafi.

Da safe muka same ta tana sheƙe gyaɗar iri.
Ilu ya miƙa jaka biyu, ta ture da bayan hannu.
Buhu ta nuna, ta nuna gabas:
'yarta na Mindif, shuka ba ta jira.

Haka muka tashi mu huɗu.
Tana bayan Sajo, zani a tattare,
wayarsa a kashe cikin aljihu.
Ta dafa kafaɗar dama, ya bi dama,
ta bayan suri, ta gaban giginya mai kai biyu.
Ta ja masa kunne, ya taka birki.
Ni kuwa ƙafa ɗaya a takalmi,
ɗaya naɗe cikin ledar burodi,
ina kallon dutsen nan mai gudun mutane
yana matsowa.