'Yan Haya

Inna ta ce ranar suna ta sumbaci goshina,
sai ta ji gishiri a leɓenta.
Ta ce wa ungozoma, "Wannan daga tukunyar miya kika tsamo shi?"
Aka yi dariya.
Shekara talatin da ɗaya ke nan,
dariyar ta daɗe da komawa tari.

Sau uku ana ɗora ni kan maganin tibi,
wata shida-shida, fitsari ja kamar zoɓo,
kafin Dakta Haman ya sa a auna gumina.
Ya ce, "Ba tibi ba ne, gado ne.
Majinarka kauri gare ta kamar ƙaro,
ba ta gudu, kwanciya take yi,
ruwan da ya kwanta kuwa ba ya rasa baƙi."

Kakina ya riga ni ganin Yawunde.
A 'yar kwalba ya tafi, cikin ƙanƙara,
mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa da dare,
ni da ban taɓa kwana a bayan Garwa ba.
Mako uku takarda ta dawo da sunan baƙin,
dogon suna, harshena ya ƙi ɗauka.
Na raɗa musu nawa: 'yan haya.

Ko dala ba sa biya.
Sun yaɓe ɗakunansu da yauƙi, sun sa sakata.
Allura ta biyo jini ta ƙwanƙwasa, suka yi shiru.
Dakta ya ce, to a bi su ta inda iska ke shiga.

Ni mai gyaran fanka ne a Yelwa.
In zafin watan huɗu ya sauko,
rabin unguwa a hannuna take samun iska.
Tawa kuwa da awo nake sha.

Bayan asuba, kafin in buɗe shago,
Dijatu na dunƙula tafinta kamar ludayi
ta bi bayana, daf, daf, daf,
har abin da ya kwana ya taso.
Sannan in fasa bakin 'yar robar magani,
in tsiyaye a kofin na'ura,
ta kama gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi.
Farin hazo. Ɗaci a maƙogwaro.
In ja a hankali, in riƙe,
in ce, sallama dai, masu gida, ga mai gida.

In an ɗauke wuta, batirin babur ɗina ya san aikinsa.

Kwana ashirin da takwas ina sha,
ashirin da takwas ina hutawa.
Watan sama daban, nawa daban.
A mako na biyu kore yakan koma fari-fari,
in hau matakalar masallaci ban tsaya a ta biyar ba.
Muryata dai ta dishe,
yara su ce Baba ya haɗiye rediyo.

Na tambayi Dakta, yaushe za su tashi?
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Ya ce ba sa tashi, raguwa suke yi,
wasunsu ma sun fara gane ƙamshin maganin.
Kuma ba duk mazauna ƙirji ne mugaye ba,
akwai tsofaffin maƙwabta da ba ruwansu,
hazon bai san fuskar kowa ba.

Ƙanwata Asta ba ta kai shekara tara ba.
A lokacin cewa aka yi sanyi ne.
Goshinta ma gishiri ne, na lasa da kaina, muna wasa.

Jiya da yamma na tsaya a gadar Binuwai.
Dorina ta ɗago kai, ta fesar da numfashi,
fari, mai yawa, a banza,
ta sake nutsewa ba ta ko ƙirga ba.
Na kalla har ruwan ya lafa.

Na juya babur.
Ƙarfe shida ta yi, Dijatu ta tafasa kofin,
ga kuma fankar mai shayi tana jirana tun Laraba.