Layi na Sha Bakwai

Dare ya raba a Ƙofar Ƙaura,
janaretan mai shayi kaɗai ke tari.
Ni da allon kwamfuta mun zuba wa juna ido,
ina neman abin da za ta ce
wa ɗalibin da ya yi kuskure.

Da fari na koya mata: “An sami matsala.”
Ɗayyabu ya karanta, ya miƙe, ya sa takalmi,
kwana huɗu ba mu ga ƙeyarsa ba.
Sai na sa ta riƙa gyarawa da kanta.
Bara'atu ta cinye darasi tara kafin la'asar,
na miƙa mata farar takarda,
layi uku ya gagare ta.

Shi Ɗayyabu dam ɗin Ajiwa yake ginawa da lambobi:
ruwan da damina ta kawo,
wanda rana ta sha, wanda famfo ya ja,
wanda masu tumatir suka janye da injin.
Madaukinsa ya ƙi tsayawa.
A lissafinsa dam ya ƙafe tun Fabrairu,
bai fasa ƙafewa ba,
har ana bin tabki bashin ruwa.

Sai na tuna Baba a shagonsa na 'Yar Kutungu.
In yaro ya karkata ɗinki
ba ya karɓe keken, ba ya tsawa.
Farce yake ɗorawa a kan yadin,
ba bisa kuskuren ba,
kusa da shi dai,
ya koma ga gugarsa kamar bai ga komai ba.

Farcen nan nake son rubutawa.

Na share, na sake, na share.
Na koya mata yin shiru minti biyu,
wannan ya fi komai ba ni wuya.
Ana kiran assalatu na bar mata jimla biyu:
“Dubi layi na sha bakwai.
Ruwa ya kai sifili, wa ya ce wa rana ta daina sha?”

Da hantsi ya dawo, ya zauna a kujera mai ƙafa uku.
Ya karanta, ya ja tsaki.
Ya sake karantawa.
Yatsunsa suka yi tsaye a sama,
sannan suka sauka.

Bai waiwaye ni ba.
“Bara'atu, zo ki ga abin da na gano!”

Na sunkuyar da kai,
na koma ga gugata.