Ɗaurin Jerin Ƙauyuka

A Gadarif, a ɗakin bayan shagon awo,
inda ƙamshin riɗi ya kama har labule,
nake zama da kwamfuta mai tsagaggen murfi
ina ɗaure jeri a jikin rumbu.

Da farko da hannu na rubuta ƙauyukan
a cikin shafin kansa, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai lissafin bashi da gawayi a bango.
Talatin da huɗu. Na ƙirga sau biyu.
Ran Laraba ga mutum daga ƙauye na talatin da biyar,
buhu tara a bayan akori-kura,
akwatin zaɓi bai taɓa jin sunan garinsu ba.
Mahasin ta latsa, jerin ya zubo, ta bi shi har ƙasa,
ta ɗago ta dube ni. Da ma ta yi faɗa ya fi mini sauƙi.

Daren nan na warware abin da na saƙa.
Na ce wa akwatin: daga yau ba ka da hadda.
In an buɗe shafi, je ka rumbun bayanai ka tambaya,
abin da ka tarar shi za ka kawo,
ko an ƙara gari, ko an gyara harafi,
kai guga ne, rijiya tana can.
Na ɗaura igiyar, na ja, na ji nauyi.
Na sha jabana mai citta, na kwanta ina ganin na gama.

Mako biyu, ga Kawu Tukur da sandarsa,
takardar awo a ninke cikin hula.
Ya ce, 'yar nan, riɗina ya yi ƙafa?
Buhu sha bakwai na kawo, an rubuta wa wasu.
Na duba. Hillat Barau guda biyu ce:
ɗaya a bakin Rahad, ɗaya a gindin dutse,
jikokin wa da ƙane da suka raba hanya
tun kafin a haifi mahaifina.
Ni kuwa suna na sa akwatin ya riƙe,
suna kuma ba ya rantsuwa.

To, kowane layi fuska biyu gare shi:
wadda ido ke gani, da wadda ake ajiyewa.
Na bar suna a sama don Mahasin ta karanta,
na sa lamba a ƙarƙashi, ita ke tafiya rumbu.
Sha ɗaya ta bakin kogi. Ashirin da shida ta dutse.
Na ƙara kalma a gefen kowanne
don kada yatsa ya yi tuntuɓe da tsakar rana
lokacin da layi ya kai bakin titi.

Saura guda, ita ta fi ci mini rai:
in wuta ta ɗauke, janareta ya tashi, shafi ya dawo,
sai akwatin ya manta wanda aka zaɓa,
ya koma kan na farko kamar ba a yi ba.
Na koya masa: cika jerin tukuna,
sannan ka nemi lambar da aka ba ka, ka tsaya a kanta.
A saman duka na sa layi marar lamba,
“Zaɓi ƙauye,”
don kada shiru ya zama amsa.

Kawu bai tambayi yadda aka yi ba.
Ya sa tabarau, ya matso da hancinsa kusa da gilashi,
ya ce a buɗe. Aka buɗe.
Ya bi da farce har ya iske Barau ta dutse,
ya ce a sake rufewa a buɗe.
Tana nan.
Ya mayar da takarda cikin hula,
ya ce dutsen ma ai yana da suna,
amma bari, wannan ya isa.