Bayan Takardar

A Trabzon, inda tudu ke gangarowa ya tsoma ƙafa a Baƙin Teku,
mahaifina Fikret ya dawo daga asibiti
da takarda a aljihun kwat, ninki huɗu.
Ya baje ta gefen butar shayi,
ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar.

Haruffa uku-uku kamar lambar mota.
Kibiya ɗaya ta dubi sama.
Kolestarol, in ji layin farko,
sauran kuwa kalmomi ne masu doguwar jela
da ba su taɓa zama a tabarmar gidanmu ba.

Na ce, Baba, me likita ya ce?
Ya ce, ya yi magana, kuma cikin ladabi.
Na gyaɗa masa kai sau bakwai.
Kunya ta hana ni cewa ko ɗaya ba ta shiga ba.

Mutumin da ya shekara arba'in
yana kasa kunne ga bututun ruwan garin nan,
ya san inda ke yoyo tun ƙasa ba ta jiƙe ba,
yau ga shi baƙo a ƙofar jikinsa.

Takardar ta kwana goma ƙarƙashin kwanon sukari.
Maganin ko ɓare shi bai yi ba.
Ba inda ke min ciwo, in ji shi,
wa ke hawa rufin da ba ya zuba?
Kullum da safe kaskon tagulla na tsuwa,
garin masara, cuku, man shanu yana iyo,
shi kuwa yana dangwala da burodi, yana ƙirga jiragen kamun kifi.

Ran Talata ruwa ya kore mu
muka fake a kantin maganin Şükriye.
Ta karɓi takardar, ta duba, ta dube shi,
sai ta kife ta, fari ya koma sama.
Ta ce, me ka yi wa duniya da hannun nan?
Ya faɗa mata.
Ta miƙa biro. Zana min bututu.

Layi biyu, miƙaƙƙu, hannu bai yi rawa ba.
Yanzu zana abin da ke taruwa a ciki.
Ya ɗiga, ya ɗiga, har hanya ta tsuke.
Ta ce, yakan yi kuka kafin ya toshe?

Ruwa na dukan gilashi.
Ya ce, a'a.
Ranar da ka ji shi, ranar ka makara.

To, jijiyarka ke nan, in ji ta.
Maiƙo ne a jini, jiki na son sa, amma da awo.
'Yan dakonsa biyu ne.
Ɗaya in ya yi yawa sai ya yaɓa kayan a bango,
ɗaya ya kwaso ya mayar wa hanta.
Naka na farkon ne ya haura, ga kibiyarsa.
Ƙwayar nan takan sa hanta ta rage hannu.
Ka sha, ka taka ƙasa, ka yi abota da kifi da wake.
In wani abu ya dame ka, koma ka faɗa wa likita,
kuma in bai shiga ba, ka ce bai shiga ba.

Baba ya daɗe yana kallon zanensa.
Ashe duk jelar nan tasu, ɗan wannan take ja?
Can ya sassauta murya: man shanu fa?
Ta yi dariya. Ban ce ku rabu ba.
Ya sauka daga maigida, ya koma baƙo.

Yanzu da hantsi yakan bi bakin teku,
hannu a baya, yana faɗa da tsuntsaye.
Kaskon tagulla sai Lahadi, shi ma da mita.
Jiya na hango shi a teburin mai shayi
yana zana wa Necmettin layi biyu a jikin kwalin ashana.

Takardar na manne a ƙofar firji.
Fuskarta mai hatimi tana kallon ƙarfe,
bayanta yana kallonmu.