Waya Uku

A Konya, layin maƙera na bayan tasha,
Usta Nevzat ya kashe inji, ya goge hannu da tsumma.
Sandar ƙarfe na kwance da ɗuminta,
tiredi ya nannaɗe ta kamar kunyar gona.
“Bar ta ta huce,” in ji shi, “ƙarfe mai zafi ƙarya yake yi.”
Muka sha shayi kofi bibbiyu muna kallonta.

Notin da za ta shiga ba ya nan.
Yana Erzurum, cikin injin niƙan alkama,
tafiyar yini guda a mota.
Lambarsa kawai muka sani, a takarda.

Ya buɗe ɗan akwatin katako.
Wayoyi uku kwance cikin auduga,
sirara kamar tsinken tsintsiya, kansu ɗaya.
Biyu a sama, ɗaya a ƙasa,
kowace ta kwanta cikin kwarin tiredi,
ɗigon giris ya riƙe su,
don hannu biyu Allah ya ba mutum,
aikin kuwa huɗu yake nema.

“Tsini ba ya ɗaukar kaya,” in ji shi,
“gindin kwari ma haka.
Nauyin yana kafaɗa, inda ido bai kai ba.
Waya ce ke sauka ta taɓo ta kawo labari.”

Ya murza ma'auni, ƙas, ƙas,
sai babban yatsansa ya yi rawa.
Ta ƙasan ta sulale.
Ko ƙara ba ta yi ba,
ta nutse cikin ɓarɓashin ƙarfe na sati guda.

Rabin awa muna durƙushe.
Maganaɗisu ya kwaso komai ban da ita.
Can na gan ta liƙe a hannun rigata,
giris ya yi mata masauki.

Bai yi dariya ba.
Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin sandar,
ya daɗe yana duban yatsansa,
sannan ya miƙo min ma'aunin.
“Gökay. Karanta min.”

Ta ɗara da ɗigo biyu, bai kai kaurin gashi ba.
Na ta da inji, na aske mata kaɗan,
na jira, na sake aunawa.

Ranar Talata mota ta tafi da ita.
Sati uku ke nan yau,
wayar shago na rataye a bango,
Erzurum ba su kira ba.
Usta ya ce in ɗora shayi.